Ƙirga Damman Gero: Shin Lissafi Yana Rage wa Muridi Tawakkali?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai arzuta tsuntsu a sheƙarsa da tururuwa a raminta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi bayansu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata muhawara da takan taso tsakanin 'yan'uwa a Matameye da ƙauyukan ƙasar Kance duk lokacin kaka, idan an gama yankan gero an fara jibge damma a bakin rumbu. Sai a ga magidanci ya tsaya yana ƙirga abin da ya samu, yana raba shi da watannin shekara, yana tambayar kansa ko zai kai shi sabon gero. Ba a rasa mai ce masa: "Haba Malam, ai bakin da Allah Ya tsaga ba ya rasa abinci." Sau da yawa mai ƙirgar yakan ji kunya ya bari, musamman idan mutumin zawiya ne, don ba ya so a ɗauke shi mai raunin yaƙini. Tambayar ita ce: wane ne ya fi kusa da tafarkin mazajen Allah a tsakanin su biyun?

Mai wancan furuci ba daga iska ya ɗauko shi ba, kuma bai kamata a raina hujjarsa ba. Allah Ya lamunce wa kowace halitta arzikinta, kamar yadda ya zo a Suratu Hud. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya buga misali da tsuntsaye, masu fita da sassafe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe, ba su da rumbu ba su da asusu. Shehu Ibn Aɗa'illah al-Iskandari, babban malamin ɗariƙar Shaziliyya wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 709 ta Hijira (1309), ya rubuta littafi sukutum mai suna At-Tanwir fi Isƙaɗit Tadbir a kan wajabcin bawa ya sauke wa kansa nauyin tsara wa kansa al'amura tare da Ubangijinsa. Wanda ya taso yana jin wannan karatu a zaure, ba abin mamaki ba ne idan ya ga biro da takarda a hannun ɗan'uwansa ya yi zaton an kauce.

Sai dai shi Ibn Aɗa'illah bai bar maganar a dunƙule ba. A cikin littafin nan ya raba tadbiri gida biyu, abin zargi da abin yabo. Abin zargi shi ne wanda rai yake yi don kansa, yana jayayya da hukuncin Allah, yana kwana yana juya gobe a zuciya kamar shi ne mai riƙe da ita. Abin yabo kuwa shi ne wanda ake yi don sauke haƙƙoƙin da Allah Ya ɗora wa bawa. A cikin Hikam kuma ya yi gargaɗi cewa mutumin da Allah Ya tsayar a cikin sababi, wato noma ko kasuwa ko sana'a, idan ya ce shi zai jefar da su ya zauna ibada zalla, to wata sha'awa ce ta ɓoye take jan sa ba tare da ya sani ba. Magidanci mai mata da 'ya'ya da gona, ba ya buƙatar mafarki kafin ya san inda Allah Ya tsayar da shi.

Kuma idan aka koma ga tushe, babu wanda ya kai Manzon Allah (SAW) dogaro ga Allah, amma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Umar (RTA) cewa yakan ware wa iyalansa abincin shekara guda daga dukiyar Banu Nadir. Annabi Yusuf (AS) da ya fassara mafarkin sarkin Masar, shawarar da ya bayar ta manomi ce tsantsa: a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan, a ajiye saura don shekarun fari. Duk wanda ya san rumbun Hausa ya san hikimar, don geron da ke jikin zangarniya ya fi wanda aka sussuke daɗewa. Akwai kuma labarin da ke cikin Sahihu Muslim na mutumin da aka ji murya daga girgije ana umartar a shayar da gonarsa, aka ambaci sunansa. Da aka bi sawu aka tambaye shi abin da yake yi, sai ya ce shi yakan duba abin da gonar ta fitar ya kasa uku: kaso ɗaya sadaka, ɗaya shi da iyalinsa, ɗaya ya mayar cikin gonar. Karamar da aka ba shi a kan kasafi aka ba shi ita. Ba yadda za a yi mutum ya fitar da sulusi bai san jimillar ba.

Ga ɗan Tijjaniyya ma, hujja tana rataye a wuyansa. Safe da yamma yana jan lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. A wazifa yana kiyaye 30 da 50 da 100 da 12, ba ya ƙara ɗaya ba ya rage ɗaya, kuma idan ya yi kokwanto a adadi yakan yi gini a kan mafi ƙaranci. Ba a taɓa jin wani muƙaddami ya ce carbi yana ɓata ikhlasi ba. Yatsu suna ƙirgawa, zuciya tana wajen Wanda ake ambato. To me zai sa yatsun da suka iya wannan su kasa ƙirga dami alhali zuciyar tana inda take?

Bari a ɗauki misali, don magana ta sauko ƙasa. A ce gida ne mai mutum goma, kullum ana auna tiya biyu. Buhu yana ɗaukar kimanin tiya arba'in, ke nan buhu ɗaya abincin kwana ashirin ne. A ce Allah Ya ba mai gidan abin da zai kai buhu 12 idan an sussuke. Ya haura nisabi, wanda shi ne wusuƙi biyar, wato sa'i 300, kuma noman ruwan sama ne, saboda haka zakka ɗaya cikin goma ce: buhu ɗaya da tiya takwas. Saura tiya 432. A cire 12 na iri, saura 420, abincin kwana 210, wato wata bakwai. Idan aka fara ci a farkon Nuwamba, rumbu zai yi ƙasa a ƙarshen Mayu. Yuni, Yuli, Agusta da Satumba, watannin da ake noma da ƙarfin jiki, watannin da sauro yake kwantar da yara, babu komai a ciki. Giɓin buhu shida ne.

Wanda ya yi wannan lissafi a Nuwamba yana da wata bakwai a gabansa na neman mafita. Yana iya shiga fadamun Korama ya yi aikin rake ko lambu, yana iya kiwata ɗan rago, yana iya tafiya ci-rani da sanin adadin da yake nema. Ya san waken da ya samu da gyaɗa da harawa su ne kuɗin cefane da magani, gero kuwa ba a taɓa shi. Wanda bai yi ba, zai gano giɓin nan ne ranar da uwargida ta leƙa rumbu ta ga ƙasa, lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci tsada a kasuwa. Duka biyun giɓi ɗaya Allah Ya ƙaddara musu. Bambancin shi ne na farko ya san duk buhun da ya ɗora a amalanke ya kai kasuwa a kaka, kwana ashirin ya sayar daga cikin 'ya'yansa, kuma da wuya ya sayo shi a damina da kuɗin da ya sayar. Waɗanda suka ga 2005 suna tuna yadda buhun da aka sayar da arha bayan girbi ya fi ninki kafin a kai Yuli. Dattawa kuwa suna tuna El-Buhari ta 1984.

A nan ne maganar take da nauyi, don mai cewa Allah zai kawo ba shi kaɗai yake zaune a gidan ba. Idan aka bi diddigin yadda Allah Yake kawowa a irin wannan gida, sai a tarar ta hannun wasu bayin Allah ne da ba a yi shawara da su ba. Akuyar matarsa ce aka kai kasuwa. Geron gayaunarta ne aka cinye tun da rani, don a ƙauyuka da yawa mai gida yakan rufe rumbun gandu bayan kaka ya tafi, ya bar mata da ciyar da kansu da yara har ruwa ya sauka. Ɗansa ne ya bar karatu ya shiga ƙwadago a gonar wani a ranar da gonarsu take jiran noma. Mai shago ne aka ci bashinsa ana kauce wa hanyarsa. Mutumin da ya ƙi lissafi da sunan tawakkali bai fita daga sababi ba, ya dai sauke nasa ne ya ɗora wa wanda ya fi shi rauni. Harshensa yana ambaton Allah, amma idonsa yana kan hannun mutane, kuma wannan shi ne ainihin abin da sufaye suke gudu.

Su ma matan suna da nasu ramin. Biki asalinsa taimakon juna ne: yau an haihu a gidan wannan an kai mata gudummawa, gobe ana aure a gidan waccan an mayar. Amma a wurare da yawa al'ada ta koma sai an ninka. Wadda aka kai wa jika biyu za ta mayar da huɗu, a dawo mata da takwas, har abin ya fi ƙarfin sana'ar ƙuli-ƙuli da fura. Malaman Malikiyya suna ɗaukar kyautar da aka bayar don a sāka a matsayin ciniki, kuma kuɗi da kuɗi tare da ƙari da jinkiri abu ne da kowane ɗalibi ya san hukuncinsa. A ɗora kayan ɗakin 'ya mace a kan wannan, wanda kusan duk nauyinsa a wuyan uwa yake, sai a ga mace tana ɗauke da bashin da ba a rubuta a ko'ina ba, ba ta da ranar gama shi, kuma kunyar kasa biyansa ta fi mata yunwa zafi.

Ƙasar Kance ta san inda wannan hanya take kaiwa. A ƙarshen Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin sahara, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka fito, suna kan hanyar Tamanrasat inda mata da yara suke zuwa bara da aikatau. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah Ya jiƙan su, Ya karɓi shahadarsu. Tun daga ƙarshen 2014 ake dawo da 'yan Nijar daga Aljeriya a ayarin motoci, amma tafiyar ba ta tsaya ba.

Zai zama zalunci a ce rashin lissafi ne ya kashe waɗannan bayin Allah. Yankin Kance yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma suke yanka ta gado. Akwai gidan da ko an yi damina mai albarka, abin da za a girbe ba zai kai wata uku ba, kuma biro ba ya haifar da gero. Lissafin irin wannan gida yana kan maƙwabta masu hali, don Allah Ya riga Ya sanya rabonsa a cikin rumbunsu. Inda za a fitar da dami ɗaya cikin goma daidai yadda Shari'a ta ce, a kai shi ga matalauta na haƙiƙa, ba a mayar da shi kyautar neman suna ko ladan 'yan aiki ba, da mata da yawa ba su hau mota ba. Rake da kayan lambu babu zakka a jikinsu a mazhabar Imamu Malik, amma kuɗin da aka tara daga gare su idan sun kai nisabi suka shekara, akwai. Mai lambun da bai taɓa zama ya ƙirga abin da ya mallaka ba, ta yaya zai san ranar da haƙƙin Allah ya hau kansa? Duk da haka, tsakanin gidan da ba shi da komai da gidan da ya wadata akwai gidaje masu yawa da suke a tsakiya, irin na buhu 12 ɗin nan, waɗanda buhu biyu da aka sayar don ƙarin aure ko sabon babur suke iya raba su da zama lafiya. Ga waɗannan, zama a ƙirga tun a kaka yana iya zama abin da zai hana uwa ɗaukar goyo ta nufi Agadas.

Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani Ba'ansare da ya zo roƙo wajen Manzon Allah (SAW). Sai ya tambaye shi abin da yake da shi a gida, ya ce shimfiɗa da ƙoƙon sha. Ya sa aka kawo, ya yi gwanjonsu a kan dirhami biyu, ya ce ɗaya a sayi abinci a kai wa iyali, ɗaya a sayo gatari. Da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota, ya ce ya je ya yi itace kada ya gan shi sai bayan kwana 15. Mutumin ya dawo da dirhami goma. Abin lura shi ne dirhami biyu kacal ne, amma sai da aka kasa su, kuma cikin iyali aka fara sawa kafin jari. Kasafi ba sai mai yawa ba. Mai kabu-kabun da yake samun jika uku a yini ya fi attajiri buƙatar sanin nawa ne na mai, nawa ne na gyara, nawa ne na tuwo, don shi kuskuren yini ɗaya a tukunyarsa yake bayyana.

Akwai wani ɓangare da ya shafi 'yan ɗariƙa kai tsaye, kuma gara a faɗe shi a cikin gida. Hadiyya ga shehunai alheri ce, hidimar Maulidi alheri ce, ziyara zuwa Kiota ko Kano ko Kaulaha ko Fas abu ne da zuciyar kowane masoyi take bege. Amma ciyar da iyali wajibi ne, biyan bashi wajibi ne, waɗancan kuwa neman ƙarin lada ne. Muslim ya ruwaito cewa a cikin dinaren da mutum yake kashewa ta hanyoyin alheri, wanda ya kashe wa iyalinsa ya fi girman lada. Muridin da ya ranci kuɗin mota ya tafi ziyara ya bar gida ba tiya ɗaya, ya tsallake abin da Allah Ya wajabta masa ya tafi neman abin da bai wajabta masa ba, kuma shehin da ya je gani ba zai gode masa ba da ya sani. Wanda yake son tafiyar da gaske, ya buɗe mata asusu tun daga kaka, ya riƙa jefa dala ashirin, dala hamsin, ko da shekara uku za ta ɗauka. Kowace jefawa niyya ce sabuwa.

Magabatan wannan ƙasa ma haka suka rayu. Ana ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau a 1754, yakan tufka igiya ya ci daga guminsa, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi a kan hukunce-hukuncen neman abinci, Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda ya rasu a Fas a 1815, ya gina tarbiyyarsa a kan godiya, bai umarci almajiransa su bar sana'o'insu su sa tsumma ba. Godiya kuwa tana buƙatar sanin ni'ima. Wanda bai san buhu nawa aka ba shi ba, godiyarsa ta jimla ce, irin ta wanda aka miƙa wa ƙunshi ya ce madalla bai kwance ba.

Game da bashi, ya isa abin tunani cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙarami ne ko babba, da ajalinsa da shaidunsa. Amma har yau idan ɗan'uwa ya ce a rubuta, sai a ce ba ya yarda da mutane. Zumunci nawa ne ya mutu a kan jika biyar da ɗaya ya ce ya biya ɗaya ya ce bai gani ba? Mafi muni shi ne bashin damina, inda ake ba mutum tiya ɗaya a Agusta ya biya biyu a kaka. Wannan riba ce tsagwaronta, ko da mai bayarwar yana sahun farko a wazifa, kuma ita ce take sa giɓin bana ya haifi na baɗi tun kafin a yi shuka.

Mutane sun nemo dabaru, kuma wasunsu a nan Nijar aka haife su. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi: mata su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka amince a akwati, mai buƙata ta ranta, a ƙarshen zagaye a fasa a raba. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Akwai kuma ajiyar hatsi ta jingina, inda manoma suke tara buhunansu a sito ɗaya bayan girbi, a rufe da kwaɗo biyu, a ba su rance su yi sana'ar rani, su fanshi hatsinsu lokacin da ya yi daraja. Jingina halal ce. Manzon Allah (SAW) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wajen wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Inda ake jin tsoro shi ne ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen. 'Yan'uwa da suke haɗuwa kullum a zawiya ɗaya, sun san juna sun san gidajen juna, sun fi kowa cancantar su kafa irin wannan akwati da irin wannan sito babu ƙari, su tambayi malamansu yadda za a biya mai gadi da maganin ƙwari ba tare da an faɗa haram ba. Da'irar da ta iya haɗa murya a kan hailala duk yammacin Juma'a ba za ta gaza haɗa buhu hamsin ba.

To amma lissafi yana da tasa cutar, kuma wanda ya ƙi shi da farko ita ya hango. Akwai mutumin da ƙirga ta shige masa zuciya har ta zama masa wuridi. Yana sallah yana canjin naira da sefa. Baƙo ya yi sallama, shi kuwa tiya yake gani tana tafiya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira (1111), ya kwatanta dukiya a cikin Ihya'u da maciji mai ɗauke da dafi da magani a jiki ɗaya, gardi ya san yadda zai kama shi, wawa kuwa ya sare shi. Ya kuma bayyana cewa zinariya da azurfa ba a cin su ba a sa su, Allah Ya yi su ne su zama alƙalai tsakanin kayayyaki, saboda haka mai binne su kamar wanda ya ɗaure alƙalin gari ne a kurkuku. Mutanen bakin iyaka sun ga gaskiyar wannan da idonsu. Mai zuwa kasuwar Mai'aduwa ta Ɗan Barto yana yawo da kuɗi iri biyu a aljihu, ya kuma ga yadda kowannensu yake iya narkewa. A Janairun 1994 aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. A farkon 2023 canjin takardun naira ya bar masu ɓoyo a tukunya suna zarya da kuɗin da ba mai karɓa, kuma daga Yunin wannan shekara naira ta yi faɗuwar da ta sa ɗan ci-ranin da ya yi wata biyar yana tura baro a Kano ko Legas ya canza guminsa ya ga bai kai abin da ya ƙudurta ba. Wanda ya jingina zuciyarsa da takarda, ranar da ta faɗi tare suke faɗuwa.

Haka kuma akwai tazara tsakanin mai adana abin da ya noma don iyalinsa da mai bin kasuwanni yana kwashe hatsi lokacin ƙunci ya kulle yana jiran mutane su galabaita. Na farko sunna ya bi. Na biyu shi ne mai ihtikari da hadisi ya kira mai saɓo, kuma lissafinsa, duk da ya fi na kowa daidai, shi ne tadbirin da aka zarga.

Yadda muridi zai gane a wane ɓangare yake ba shi da wuya, ko da yake ba a kaka ake ganewa ba. Ana ganewa ne ranar da lissafin ya rushe: ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bununi, ko tsutsa ta shiga zangarniya, ko ciwo ya cinye kuɗin ragon da aka kiwata. Idan ya ji zafi irin na ɗan Adam, ya yi istirja'i, ya sake zama ya kasa abin da ya rage, to dama hannunsa ne yake ƙirga. Idan kuwa ya ji kamar an ci amanarsa, ya huce a kan iyali, ya kasa jan laziminsa, to takardar ce ta zama abin dogaronsa bai sani ba. Ana kuma ganewa ranar da maƙwabci ya yi sallama da dare da ƙwarya a hannu. Mai lissafin kirki ya riga ya ware wa wannan dare wani abu, kamar mai gonar girgije, don haka yana bayarwa fuska a sake, bai kuma tauye 'ya'yansa ba.

Kuma bai kamata mai gida ya yi wannan zama shi kaɗai ba. Wadda take auna tiya kullum ta fi shi sanin ko biyu ce take isa ko biyu da rabi, ta san bukukuwan da ke gabanta, ta san yarinyar da ta kusa aure. Idan aka haɗa lissafin rumbu da na biki a tabarma ɗaya, a nan ne za a iya cewa bana za a mayar da gudummawa daidai yadda aka kawo ba ninki, mai gida ya tsaya wa matarsa a kan haka idan surutu ya taso, shi ma ta tsaya masa idan ya ɗage wani abin da ransa yake so.

A cikin abin da za su duba har da watan Musulunci, don yana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, kuma hidimominsa ba sa jiran kaka. A 2025 Babbar Salla ta faɗo a farkon Yuni, daidai lokacin da rumbu yake ƙasa ana neman iri da abincin 'yan noma. Mutum nawa ne suka ci bashin rago don kada yara su leƙa gidan maƙwabta, suka biya da geron da bai tsiro ba? Alhali a mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ba zai buƙaci kuɗinta ba wajen larurorinsa na wannan shekara. Wanda zai buƙata, an ɗauke masa, ba laifi ba zargi. Fiƙihun da kansa ya ɗora hukuncin a kan lissafin shekara, kuma magidancin buhu 12 da ya ƙirga tun Nuwamba ya riga ya san amsarsa wata bakwai kafin dillalai su fara kewaya gari da raguna.